Baƙar Ledar da Ta Kusa Raba Kawu da Kyamararsa

Anti mai fili, don Allah ki agaza mini da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙata, don ni idan na fara magana sai an riƙe ni. Matsalata iri ce da ban taɓa ganin an kawo miki ba. Nasara na yi, babba kuwa, amma ta zo mini da rigima a bayanta. Ga daɗi ya cika mini ciki, ga mutum biyu da nake ƙauna kowa ya ja tunga, ga kyamararmu a tsakiya ba kariya.

Ni mai ɗaukar hoto ce. A shagon kawuna nake aiki, ƙanin mahaifiyata, kuma shi ya koya mini sana'ar tun ina riƙe masa fitila ina hamma. Shagon ba wani babba ba ne. Ɗaki ɗaya ne mai labulen bango uku, fari da shuɗi da wani mai zanen lambu da ya koɗe amma tsofaffi ba sa yarda da kowanne sai shi. Sai fitilu biyu masu lema, sai teburin kwamfuta da injin wanke hoto inda nake zama. Babbar kyamara ɗaya gare mu, ta zamani, mai sikirin a baya wanda ake buɗewa kamar ƙofa a kuma juya shi ciki. Da ita gida biyu ke cin abinci, nasa da nawa.

Dole in gaya miki yadda Kawu ke ɗaukar hoto, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Shi ba ya tsayawa a bayan kyamara kamar kowa. Ɗora ta yake a kan ƙafafunta, ya saita, sannan ya koma gefenta ya tsaya, yatsa a kan maɓalli, fuskarsa a fili. Ya ce mutum ba ya yi wa ƙarfe murmushi, ɗan'uwansa mutum yake yi wa. Daga gefen nan zai yi ta tsokanar wanda ake ɗauka, ya ce wa ɗan sanda ya saki fuska ba kama ɓarawo aka zo ba, ya ce wa tsohuwa ta yi sauri samari na jiranta a waje, sai an fashe da dariya ya danna. Sannan ya karkato ido daga inda yake ya dubi sikirin, ya ga ko hasken ya yi, ya ƙara ko ya rage da hannunsa. Ba ya barin kyamara ta zaɓa masa haske da kanta. Wai shi da ya yi zamanin kyamara mai fim babu na'urar da za ta koya masa aiki.

Maigidana kuma mai gyaran waya ne, kowa Injiniya yake ce masa. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai yana da ciwo ɗaya: ba ya iya ganin sikirin a buɗe. Wayata, wayar mamata, agogon hannun ƙanwarsa, har injin lissafin mai shagon layinmu, duk ya bi ya liƙa musu leda. Na taɓa ce masa saura tagar ɗakinmu, ya ce yana nan yana neman girmanta.

Lokacin da na tafi hutun haihuwa, Kawu ya yi wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi. Da ya samu sauƙi ya koma shago, Injiniya ya je yi masa sannu, ya hango sikirin kyamara ba komai a kai, ciwonsa ya motsa. Ya koma ya ɗauko leda mafi tsada a kayansa, irin mai ɗan duhun nan da ake sa wa waya don kada na kusa da kai a mota ya leƙa maka saƙo. Ya auna, ya yanka da almakashi, ya liƙa tsaf babu ko kumfa. A ganinsa abin da ya fi kyau a shagonsa ya kai wa surukinsa. Kawu ya sa masa albarka, ya manta da zancen. Ni kuwa ina gida ina fama da jariri, ba wanda ya gaya mini.

Da na dawo aiki sai na tarar da wani Kawu daban. Hotunan da ke zuwa tebur ɗina duk sun ƙone da haske, fuskoki fari fat, farar riga ta haɗe da labule ka rasa inda kafaɗa ta ƙare. In yi ta fama a kwamfuta, amma abin da haske ya cinye ba ya dawowa. Wani direba da ke neman hoton lasisi ya dawo mana da nasa, ya ce a ofishin an tambaye shi ko ƙaninsa ne. Tsokana kuwa ta ƙare. Kawu ya daina zolayar kowa, sai dai ya danna, ya dubi sikirin, ya murza ido, ya ƙara haske, ya sake dannawa. Ya sayi tabarau a wurin masu yawo da shi a titi, ya jefar, ya sayi wani.

Wani lokaci yakan ɗago kyamarar ya miƙo mini, kamar da wasa, ya ce in duba ko sikirin ya fara duhu. In karɓa, in riƙe ta a gabana yadda kowa ke riƙewa, in ce lafiyarta ƙalau. Ya miƙa wa telan da ke maƙwabtaka da mu, shi ma ya ce tar take. Har mai kawo mana takardar hoto sai da ya tambaya. Kowa ya ce lafiya, shi kuma ya gyaɗa kai ya mayar da ita mazauninta. Wallahi Anti, duk lokacin da na tuna yadda nake cewa ƙalau da ƙarfin gwiwa sai in ji zuciyata ta karye, don ban san abin da kalmar ke yi masa ba.

Daga nan ya fara miƙa mini abubuwa. Yau ya ba ni mukullin shago ya ce in riƙe gaba ɗaya, gobe ya nuna mini yadda ake lallaɓa fitilar hagu idan ta ƙi kamawa. Akwai wata makaranta da shekara da shekaru shi ke ɗaukar hoton ɗalibanta aji-aji idan shekara ta ƙare. Shugabar makarantar ta zo da kanta ta sa rana, ya ce mata bana ta nemi wani ko ta yi da ni. Matar ta fita tana waiwaye. Ban gane zurfin abin ba sai da matar Kawu ta kira ni tana kuka. Ta ce a gida yana rufe ido ɗaya da tafin hannu yana gwada karanta kalanda, ba ya cin abincin kirki, kuma ya gaya mata ƙarshen wata zai bar mini shagon. Ya ce duhun ta gefe yake fara masa, kuma haka na mahaifinsu ya fara kafin ya makance. Ta yi ta yi ya je asibiti ya ƙi, wai ba ya son a faɗa masa da baki abin da ya riga ya sani. Ranar nan na rasa inda zan sa kaina.

To Anti, ga inda Allah ya kawo mafita. Wata rana da hantsi wata mata ta kawo ɗanta a yi masa hoton shiga makaranta, yaro mai taurin kai, ya kafe idonsa a ƙasa ya ƙi ɗagowa. Kawu yana waje a kan benci, don a lokacin ya kusa daina taɓa kyamara. Ni a bayanta nake tsayawa kullum, amma da yaron ya ishe ni sai na koma gefe, daidai wurin Kawu, da jaririna a baya, na yi ta yi masa gwalo da kumbura kumatu har ya ɗago. Na danna, na karkato ido na dubi sikirin. Baƙi ƙirin! Na ce shi ke nan batir ya mutu. Na zagayo bayanta, sai ga hoton yaro tar. Na koma gefe, duhu. Na dawo, haske. Haka na yi ta kai da kawowa ina rangaji, uwar yaron ta ɗauka jaririn nake jijjigawa har tana yi mini sannu. Na sa farce a kusurwar sikirin na ji bakin leda, na dubi yankan da kyau, nan take na gane hannun mijina.

Ban ɓare ta nan da nan ba, don na san Kawu. Da na cire a ɓoye cewa zai yi lallashinsa nake. Sai na fita na jawo tela da hannun riga, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, na tsayar da shi a wurin Kawu na ce ya faɗi abin da yake gani. Ya ce ai a kashe take. Na kira mai shagon magani, mutumin da ke karanta rubutun jikin kwalba ba tabarau, shi ma ya tsaya a wurin ya ce ba ya ganin komai. Kawu yana bakin ƙofa yana kallonmu, ya yi tsuru. Sannan na kamo hannunsa na tsayar da shi inda ya saba, na roƙe shi kada ya ɗauke ido, na kama bakin ledar na ja a hankali. Haske ya yi ta biyo bayan ledar daga wannan gefe zuwa wancan, har fuskar yaron nan mai taurin kai ta fito ɓaro-ɓaro. Kawu ya cire hula, ya shafa kai, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba. Hawaye suka zubo masa, ni ma nawa suka zubo, tela ya hau salati. Can sai Kawu ya juya ya ce wa yaron ya gyara zama, hoton da aka yi masa ba hoto ba ne, koyo ne. Ni ya yi wa habaici, amma ban taɓa jin daɗin habaici irin na ranar ba.

Washegari da kansa ya tako har ofishin shugabar makarantar ya ce aikinsa yana nan. Ranar ɗaukar hoto na bi shi ina riƙe jaka, in gaya miki Anti, ban taɓa ganin Kawu haka ba. Ya jera yara, ya zolayi malamai, ya sa wani malamin lissafi da aka ce ba a taɓa ganin haƙorinsa ba dariya har da riƙe ciki. Hotuna suka fito kowace fuska da launinta. Shugabar ta ce waɗanda suka fi kowanne kyau ke nan tun da aka fara. Direban nan ma Kawu ya sa aka nemo shi ya sake masa kyauta. Mukullin shago kuwa ya karɓe abinsa, wai ban kai ba tukuna, na miƙa masa bakina har kunne. Matarsa ta ce yanzu sai ta ɓoye tukunya saboda yadda yake cin abinci. Ni kuma duk inda na bi a layinmu sai a ce ga likitar ido, ina ta fankama, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu ga rigimar. Kawu ya manna baƙar ledar nan a bango kusa da madubi, kuma duk wanda ya shigo sai ya ba shi labari tun daga farko, ya ƙare da cewa surukinsa ya so rufe masa ido da rana tsaka. Da wasa yake faɗa, amma labarin ya kai kasuwar waya, abokan Injiniya sun canza masa suna zuwa Mai Duhu. Ni ma ban raga masa ba, har waƙa na yi masa ina rera wa jariri. Da farko yana dariya, yanzu ya daina, ya shigo gida yana cin magani. Shekaranjiya ya kawo kwali guda na kariyar sikirin, akwai gilashi mai kauri, akwai leda mara ƙyalli wadda ya ce ta fi a rana, akwai wata da ake zuba mata gam a haska fitila. Ya ce lallai sai ya gyara sunansa da hannunsa. Kawu kuma ya rantse ko hular sarki ce ba za a sake liƙa wa kyamararsa ba.

Ni kuma tsoro nake ji, don na san mutanenmu. Duk wanda aka nuna wa hotonsa sai ya kai hannu. Wannan ya nuna kuncinsa da mukullin mota, waccan ta ƙwanƙwasa da zobe tana cewa a rage mata nan, yara kuwa da hannun alewa. Idan mun fita aiki Kawu ya rataya ta a wuya, sikirin na gogar maɓallin rigarsa. Tuni wani ɗan ƙarzane ya fito a kusurwa. Wani mai gyaran kyamara ya taɓa gaya mana sikirin irin nata idan ya fashe sai an yi odarsa daga nesa, a jira a ga dama. Ba na son mutumin da ya dawo da ƙyar ya sake komawa benci saboda mukullin wani.

To Anti, wace kariya ce ta dace da kyamara, kuma yaya ake gane ta? Yaya zan shawo kan Kawu ya yarda? Yaya kuma zan hana mijina liƙa wani abin ba tare da na ƙara karya masa gwiwa ba? Sannan ki gaya mini gaskiya, laifi ne don ina jin daɗin nasarata haka?

Taki, 'Yar Kawu mai hoto.

AMSA

'Yata, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Ba laifi ba ne. Kin tsaya inda dattijo ke tsayawa kin ga abin da yake gani, sannan kin yi hankalin kawo shaidu kafin ki ɓare ledar. Da kin cire ta a ɓoye, da har yau yana zargin idonsa. Kin dawo masa da sana'arsa da barcinsa, ki ji daɗinki son ranki, ni ma da na karanta sai da na tafa. Waƙar nan ce kawai za ki ajiye.

Batun kariya, sai da na tambayi wani mai gyaran kyamara kafin in amsa miki, kuma ya ce kina da gaskiya, shagon da ake nuna wa jama'a hoto a sikirin bai kamata a bar sikirin ɗin ba kariya ba. Juya sikirin ciki yana tsare shi a cikin jaka, amma mukulli da zobe a buɗe suke samunsa. Abin da za ki nema gilashi ne siriri, garau kamar ruwa, wanda aka yi shi musamman don irin kyamararku. Ki kwafi suna da lambar da ke jikinta ki tafi da su wurin masu kayan kyamara, don girman sikirin ya bambanta ko a kamfani ɗaya. Duk abin da sai an yanka kafin ya shiga, ba nata ba ne.

Cikin kwalin Injiniya kuwa, bisa bayaninki, babu wanda zan ce ki ɗauka. Mara ƙyallin tana rage walƙiyar rana, gaskiyarsa ke nan, amma tana sa hoto ya yi dishi-dishi, Kawu ya kasa tantance ko ido ya fito da kyau, wanda aka ɗauka kuma ya ga fatarsa ta yi kaushi ya ɗora muku laifi. Idan kuna aiki a rana, a kare sikirin da tafin hannu ko a leƙa ta ƙaramar tagar da ke saman kyamarar. Mai kaurin na iya hana sikirin rufuwa idan aka juya shi ciki, kuma danna shi da ƙarfi ya fi mukulli ɓarna. Mai gam ɗin ruwa kuwa kada ta ko matso kusa, don gam na iya tsiyaya ta gefe ya shiga inda ba ya fitowa. Mai kyau da kanta take kamawa, kuma idan aka cire ta ba ta barin danƙo. Kafin a liƙa, a ɗora ta a kan farar takarda a ga ko launin takardar ya canza, a dube ta daga gaba da kuma gefe, a gwada ko sikirin na jin taɓi, a kuma ga ya rufe ba dole. Mai gyaran ya ƙara da cewa kyamara irin taku tana da wata alama da ke ƙyaftawa a duk inda haske ya ƙone hoto. Ki kunna ta, ki nuna wa Kawu wata rana da yake cikin raha.

Yanzu maigidanki. Ya yi kuskure, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne, don ya ɗauki sanin waya ya kai kan abin da ba waya ba, bai tsaya ya ga yadda mai ita ke aiki ba. Amma ki tuna abin da ya fi daraja a shagonsa ya ɗauka ya kai, ba wanda ya roƙe shi. Kuma ina zargin har yanzu ɓangaren dariya kawai ya ji. Kin taɓa zaunar da shi kin gaya masa zancen kalanda da kukan matar Kawu? Ki gaya masa, ku biyu, ba zolaya. Mutumin da kika siffanta idan ya ji wannan zai daina tunanin sunansa a kasuwa, ya je ya ba da haƙuri da kansa. Bayan nan ki ba shi aikin da ya fi kowa iyawa. Ke da kanki kin ce ya liƙa babu ko kumfa, to wannan ba ƙaramin hannu ba ne, mu da yawa sai mun lalata biyu kafin ɗaya ta zauna. Zaɓe ba nasa ba ne, liƙawa tasa ce, kuma a yi ta a shagon, a gaban tela da duk wanda ya ji labarin farko.

Kawu ma yana da nasa. Ledar bango ta isa haka. Ya ba da labari ya huce, amma suruki ba abin nishaɗin kwastoma ba ne, kuma mijin 'yarsa ne uban jikansa. Ba ke za ki faɗa masa ba, matarsa ta san lokacin da yake jin magana, ki bi ta wurinta. Ta nan kuma za ki shigar da wata maganar da ba na so murna ta sa ku manta. Ledar ce ta yi duhun, na yarda, amma mahaifinsu ya rasa ganinsa, kuma akwai ciwon ido da ke bin jini, ba ya ba da sanarwa, wanda idan aka tare shi da wuri ake riƙe shi. A da tsoro ne ya hana shi zuwa asibiti. Yanzu da ƙarfinsa zai je, ya karanta musu allon har ƙasa ya zolayi likita. Ku kai shi tun zuciyarsa na da daɗi.

Rantsuwar da ya yi kuwa, kada ki yi musu da ita. Ba gilashi yake ƙi ba, abin da yake ƙi shi ne a sake sa masa abu a kan kayan aikinsa bai sani ba. Saboda haka kada ki saya ki kawo masa a matsayin an gama. Ki roƙi mai kaya ya ba ki kala biyu ko uku na gwaji, ki shimfiɗa su a tebur, ki ce ke kin kasa bambancewa, shi ma Injiniya ya kasa. Kawu ya tsaya a wurinsa na kullum, a riƙa ɗora kowace a rabin sikirin ba tare da an liƙa ba, ya faɗi wadda ba ya iya gane inda ta fara. Idan ya ce duk ba su yi ba, ki mayar ki kawo wasu, ba gaggawa. Wadda ya nuna ita za a sa, ko da ke wata kika fi so.

Mutum ne da ya yi watanni yana bankwana da idonsa shi kaɗai, yana tambayar kowa abin da suke gani. Ku bar shi wannan karon ya zama shi ake tambaya, ku kuma tsaya shiru ku jira amsarsa.

Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da hasken ido, ya raya miki jaririnki, ya huce zuciyar Injiniya, ya kuma sa albarka a hannunki.